Takin Barista Uwais

Da hantsi aka kawo ƙara ofishin 'yan sanda na Tsanyawa, kuma mai ƙarar da ƙafarsa ya zo, ba aike ya yi ba. Barista Uwais ne, lauyan da ke wakiltar yankin a majalisar jiha, wanda mutanen ƙauye ke kira Sanata ko ya so ko ya ƙi.

"Sufeto, takin zamanin da na sayo wa manoma ya yi ƙafa," in ji shi. "Gobe ne rabo. Na dawo daga zaman majalisa, na buɗe sito, wayam!"

"Wa kake zargi?" Sufeto Abdulhadi ya tambaye shi.

"Gari dai ni yake zargi. Wai na sayar don in sayi wakilai, ga zaɓen fid da gwani ya ƙarato. Ka fara bincike ta kaina. In ni ne, ka rufe ni."

Sufeto ya daɗe a aikin nan, amma bai taɓa ganin ɗan siyasa ya kawo kansa ba. Sai ya ji tausayinsa, don in takin nan bai fito ba kujera ta tafi, mutuncin ma ya bi ta.

A ƙauyen Gidan Ɗinya siton yake. Sufeto ya fara duba ƙofa, ya ga kwaɗon lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Da makulli aka buɗe ke nan. Ya kira maigadi, wani dattijo mai suna Malam Basiru.

"Baba, kullum a nan kake kwana?"

"Kullum, ranka ya daɗe. Ko motsi ba na yi."

Sufeto ya ɗaga tabarmar da ke rumfar gadi, sai rabinta ya zube. Gara ta gama da ita.

"A kan wannan kake kwana? Haba Baba, da furfurarka!"

Dattijo ya sunkuyar da kai. "Damina ce, gonata ta cika da ciyawa. Shugaba Hashimu ya ce in je in yi nomana, zai sa ido. Ai makulli biyu ne, ɗaya na Sanata, ɗaya nasa."

Hashimu shi ne shugaban jam'iyyar Barista a mazaɓar, shi ya yi ta yawo da shi gida gida lokacin kamfe. A ƙofar gida Sufeto da Barista suka same shi, ya shimfiɗa musu darduma, har da ruwan randa.

"Makullina tun bara ya ɓata," in ji shi. "Aikin 'yan adawa ne, Sufeto. Ni ma abin ya shafe ni. Wallahi gonata ko ƙwayar taki ba ta gani ba bana, jira nake kamar kowa."

"Allah sarki. Mu je in ga gonar."

Nan murmushin Hashimu ya ragu, amma ya tashi.

Gonakin wajen nan a manne suke da juna, layin gamba kawai ke raba ta wani da ta wani. Masara duk ta yi ɗorawa-ɗorawa, yunwar taki ta kama ta. Sai ga wata gona a tsakiya, kore shar, ganye faffaɗa, ta kere maƙwabtanta tsawo. Makaho ne kaɗai zai wuce bai tsaya ba.

"Ta wa ce wannan amaryar?" Sufeto ya tambayi manoman da suka biyo su.

Kowa Hashimu ya kalla.

"Kashin shanu ne na zuba," in ji Hashimu da sauri.

Sufeto ɗan manomi ne, da fartanya aka yaye shi. Ya durƙusa, ya tona gindin masara da yatsa, ya ɗebo ƙasa a tafin hannu. Ga ƙwayoyin taki nan, ba su gama narkewa ba.

"Shanunka masu ilimi ne, Shugaba. Har ƙwaya-ƙwaya suke yi."

Aka bushe da dariya, ban da mutum biyu. Barista Uwais ya dubi Hashimu, idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Hashimu, kai?"

Hashimu ya zauna daɓas a kan kunya. "Ni ne. Ka ce rabo na kowa ne, har waɗanda suka zage mu a kamfe. Ba a siyasa haka, Barista! Na kwashe a amalanke na kai kangon kakana, in raba wa namu a ɓoye su zaɓe ka. Don kai na yi."

"To, gonar fa?" in ji Sufeto.

"An yi ruwa, ƙasa ta jiƙu, ga taki a gabana, ga masarata tana ramewa. Wane manomi ne zai iya haƙuri? Buhu biyu kawai na taɓa."

Aka buɗe kango, ga buhuna jibge har rufi. Labari ya zaga gari kafin azahar. Masu cewa Sanata ɓarawo su ne a gaba wajen ɗaukar kaya, har da kirari. Mutane ke nan! Matasa suka yo kan Hashimu da sanduna, Barista ya sha gabansu.

"Kada wanda ya taɓa shi. Kotu ce za ta yi magana. Rabo kuma yau za a yi, kowa ya zo, ba na tambayar jam'iyya."

Sufeto ya sa wa Hashimu ankwa. A bakin mota Hashimu ya juyo.

"Barista, kai lauya ne. Ka tsaya mini."

"Ba zan iya ba, ni ne mai ƙara. Ina jin ciwon abin nan fiye da yadda kake zato. Amma iyalinka manoma ne, ba su yi wa kowa laifi ba. Buhunsu zan kai musu da kaina."

Hashimu ya rufe fuska da hannuwansa masu ankwa ya fashe da kuka. Sufeto ya dafa kafaɗarsa, ya shigar da shi mota.