Inda Casimiro Ya Ajiye Amarya

A kan rufin ɗaki Casimiro ya fara ganin Herminia. Ɗakunan sansaninmu na masu tsinkar inabi, a kwarin San Joaquin, duk na kwano ne, da rana har kyandir narkewa yake a ciki. Sai mu shimfiɗa tsohon kafet a sama mu jiƙa shi. Tana cikin jiƙawa ta sheƙa masa rabin bokiti a ka.

"Wayyo, yi haƙuri!"

"Ƙaro dai," in ji shi. "Layin famfo ya hana ni wanka."

Daga ranar shi ke ɗebo mata ruwa, yana kiranta kurciyarsa.

Da maganar aure ta taso, ubanta, Don Nicanor, ya ce atafau. Ɗan shugaban leburori ma yana sonta, gidansu na katako ne, har da makewayi a ciki.

"Kai ina za ka ajiye ta? A ɗakin gwagware, cikin warin takalma?"

"Za mu yi tattaki zuwa birni, Don Nicanor. Dole su gina mana ɗakunan kirki."

"Je ka. Kafin ka dawo mai gona ya ba wani gadonka."

Da safen tafiya Herminia ta cusa masa auduga a takalmi.

"Kada ka je, Miro."

"In na zauna, kurciyata, me zan nuna wa babanki?"

Muka tafi da tutoci, wani kare mai ƙafa uku yana biye da mu. A birni wani jami'i ya fito, ya dubi agogonsa, ya ce za a duba. Shi ke nan. Muka dawo muka tarar da kayan Casimiro a bakin titi.

Ya zo sallama, ƙafafu duk sun kumbura. Herminia ta durƙusa tana wanke masa su a gaban kowa.

"Baba, ni dai shi. Ko a gindin bishiya ne."

Tsohon ya miƙe. Ya ɗauki sifana, ya nufi matacciyar motarsa da ke bayan shinge, inda ikon mai gona bai kai ba. Ya kori kaji, ya ciro kujerun.

Ranar Lahadi aka ɗaura aure a coci, muka raka su har bakin motar. Don Nicanor ya dafa kawunansu.

"Allah ya haɗa kanku, 'ya'yana. Ya ba ku ɗakin da za ku miƙe tsaye a ciki."

Muka ce amin, suka sunkuya suka shiga.