Kwanon Jaji

"Ruƙayyatu, ki rantse min ba ke kika rubuta wannan ba!"

Babakura ne tsaye a zauren gidan su Ruƙayyatu, ko sallama bai ƙarasa ba, waya a hannunsa. Saura wata biyu bikinsu, kuma tun da suke ba ta taɓa jin sunanta gatsau a bakinsa ba. Kullum "Ruƙayyata" ne, ko "hasken idona".

Ta sunkuyar da kai. Rantsuwar me? Ita ce ke sakin littafin barkwancin nan shafi-shafi a WhatsApp da sunan aro, littafin da ya hana matan Azare sakat. Labarin wani gida ne da ba a wuni ba a yi rigima ba. Maigida ya fi son rediyonsa a kan kowa, 'yan mata na dambe a kan madubi, sai kuma tauraruwar littafin, Hajiya Mai Kwano, wadda kullum da azahar take zuba abinci a kwanon silba, ta rufe, ta ɗora a katanga. Akuya ta ture, kaji su cinye, gobe ta sake zubawa.

Mutane kuwa sun sha dariya. Wata daga Itas ta ce har miya ta ƙona tana karantawa. Wata ta rubuto, "Wallahi tsohuwar nan aljanu take ciyarwa!" Ruƙayyatu ta manna mata alamar dariya, kanta ya ƙara girma.

Sai dai gidan ba ƙirƙira ba ne, gidan su Babakura ne. Shi yake ba ta labarin a wajen zance don ya ga murmushinta.

"Masoyi, ai na canza sunaye..."

"Kin canza sunaye! Gida nawa ne a Azare ake ɗora kwano a katanga? Jiya a gidan suna mata suka riƙa nuna mahaifiyata da baki, suna cewa ga Hajiya Mai Kwano. Ƙanwata Husaina da kuka ta dawo!"

"Wallahi wasa nake..."

"Na ba ki labarin gidanmu ne don za ki zama 'yar gida." Muryarsa ta karye. "Kin taɓa tambayata na wane ne kwanon?"

Ba ta taɓa ba. Dariyar ta ishe ta.

Ya juya ya fita.

Kwana uku wayarsa a kashe. Masu karatu kuwa sai neman ƙari suke, "Ina Hajiyarmu? A sako mana tsohuwa mu yi dariya!" Kowane saƙo sai ta ji kamar ita ce tsaye a gidan sunan tana nuna matar da baki. Kunya ta hana ta abinci. Matar da ke aiko mata da turaren wuta tun kafin a sa rana, ita ta mayar abin dariyar gari.

Ran na huɗu Husaina ta zo, fuska ba walwala. "Mahaifiyarmu Ya Fanna na kiran ki."

Ruƙayyatu ta je ta same ta a tsakar gida kan tabarma, tukunya a gefe, kwanon silbar a gabanta. Ruƙayyatu ta zube, kuka ya ƙwace mata.

"Mama, ki yafe min... na ci amanar gidan nan."

"Tashi zaune, 'yata. Na sa Husaina ta karanta min duka." Ya Fanna ta ɗan murmusa. "Wajen rediyon Malam kin yi gaskiya, ni ma na dara."

Ta shafa murfin kwanon.

"Wannan na Jaji ne, ɗana na fari. Shekararsa ashirin ranar da muka baro garinmu a Borno. Yana gona, na zuba masa abincinsa na rufe, sai harbi ya tashi. Na ja ƙannensa na gudu. Ban jira shi ba, Ruƙayyatu. Sai da muka yi nisa na ga kwanon ne a hannuna... kwano na ɗauko na bar ɗana."

"Innalillahi..."

"Shekara goma sha ɗaya ke nan. Ba gawa, ba labari. Ina ɗorawa a katanga ne don in ya zo da yunwa ya gani tun daga waje, ya san nan ne gida."

Ruƙayyatu ta toshe baki da gyale. Shafi bakwai ta yi a kan akuyar da ke ture kwanon nan.

"Yau zan goge shi, Mama, wallahi yau!"

"Tsaya. Mutum nawa ke karantawa?"

"Sun... sun fi dubu biyar."

"Har Yobe? Har Maiduguri?"

"Har can."

Idon Ya Fanna ya ciko. "Ni na yi ta tambaya a tasha har mutane suka gaji da ni. Ke kuwa dubu biyar na jiran bakinki. Kada ki goge. Sun yi dariyar kwanon, to ki gaya musu mai shi. Ki rubuta Jaji, dogo ne, yana da tabo a girar hagu, yana ɗan in'ina idan ransa ya ɓaci. Ki sa sunanki na gaskiya a ƙasa."

Ruƙayyatu ta ciro waya ta fara rubutu, hawaye na ɗiga a kan gilashin. Sai ta ji motsi. Babakura ne jingine a ƙofar ɗaki, ashe tun ɗazu yana nan.

"Girar hagu, Ruƙayyata," ya ce a hankali. "Kin rubuta dama."

Ta ɗago ta dube shi, kukan ya dawo sabo.

Aka kira azahar. Ya Fanna ta buɗe tukunya, amma ba ta zuba ba. Ta miƙa wa Ruƙayyatu ludayin.

"Karɓi. Hannuna ya fara gajiya, kuma dole a samu mai zubawa bayan ni. Ki cika masa, yana da ci."