Mai Tukunya a Port Royal

Duk abin da aka tsamo daga garin da teku ta haɗiye a Port Royal, dole ya zauna cikin ruwa wata da watanni, in ba haka ba gishiri ya farfasa shi. Amma Mas Lascelles mai gadi ya bar bahon da aka jiƙa wata tsohuwar tukunya a ciki ya ƙafe, ya tafi wasan domino. Tukunyar da ta shekara ɗari uku a ƙasan teku lafiya lau, lalacin mutum ɗaya zai kashe ta a wuni guda!

Ionie, wadda ta nutsa ta ɗauko ta jiya, ta shigo ɗakin ajiyar da magariba, riƙe da bokiti, tana huci. Sai ga wata tsohuwa tsugune, rungume da tukunyar. Ko'ina warin laka.

"Kaka, ajiye ta! Shi ya turo ki ki sayar wa baƙi, ko? Ku dai ba ku da kunya."

"Kunya?" in ji tsohuwar, muryarta kamar daga cikin rijiya. "Ke da kika faɗo mini madafa ba sallama, kika tattake mini murhu da ƙafar agwagwar nan taki?"

Ionie ba ta gaya wa kowa zancen murhun da ta taka da takalmin ninƙayarta a ƙasan teku ba. Ta ɗaga fitila. Babu iska ko kaɗan, amma gashin tsohuwar yana lilo sama a hankali. Da tsohuwar ta sake buɗe baki, kumfa ce ta fito, ta hau har rufi.