Motar Ƙarshe da Babanta Ya Taɓa

A garejin babanta suka fara haɗuwa. 'Yata Auta tana riƙe da fitilar gwajin wuta, babanta kuma kansa na ƙarƙashin sitiyarin wata mota, sai ga wani dogon saurayi da na'ura a jaka, irin wadda ake jona wa mota ta faɗi ciwonta. Ranar na kai musu abinci, shi ya sa na gani da idona. Ya yi sallama, ya kalli Auta, ya tsaya kamar an dasa shi, har sai da maigidana ya ce masa soket ɗin da zai jona na'urar yana nan ƙasa, ba a fuskar 'yarsa yake ba.

Daga nan ya riƙa zuwa ko ba a kira shi ba. Tana ce masa Dogo, yana ce mata Oga. Akwai saƙonsa ɗaya da ta karanta min:

"Oga, motoci tara na jona yau, babu wadda ta gaya min yaushe zan gan ki."

Ta amsa masa: "Ka duba fis ɗinka, Dogo."

Babanta bai so ba. Ya ce wanda sai gilashin na'ura ya gaya masa aiki bai zama ma'aikaci ba tukuna. Shi a wurinsa, kafin ka yarda da kowace na'ura sai ka tabbatar wuta na zuwa, kuma wayar at, wato wadda ake ɗaurewa a ƙarfen jikin mota, ta kama da kyau. Bai ce a'a ba, ya dai ce a jira. Ana cikin jiran ƙirjinsa ya riƙe. Kwana uku ya yi a asibiti, Allah ya karɓi abinsa.

Abin da ya biyo baya ban riƙe da yawa ba. Ina ci, ina wanka, ina amsa gaisuwa. Baffan Auta ya ce maganar auren tana hannuna, na ce to.

Bayan wata biyar, motar wani mai gidan burodi ta fara mutuwa a hanya. Ita ce mota ta ƙarshe da maigidana ya yi wa wayarin. Aka kira Dogo. Ya jona na'urarsa, ta ƙi kamawa. Ya gwada ta a wata mota, ta kama. Sai ya ce, a gaban mutane, ƙwaƙwalwar motar ta ƙone, kuma da alama wanda ya yi wayarin ne ya haɗa ba daidai ba. Bai tambayi ko waye ba.

Kafin yamma maganar ta zagaye layin makanikai. Na gaya wa Baffa ba zan ba da 'yata ga wanda ya ɓata sunan ubanta yana kwance a kabari ba. Ban ma yi fushi ba, faɗa kawai na yi. Auta ta daina ɗaga kiransa.

Ya rubuto: "Oga, wallahi ban san aikin Baba ba ne."

Kwana huɗu ba ta amsa ba. Na biyar ta roƙi mai burodin aka janyo motar garejinmu, sannan ta rubuta: "Ka zo gobe da safe da na'urarka. Ba don kai ba."

Ta ce in zo, na je. Na zauna a bencin babanta.

Soket ɗin rami goma sha shida gare shi. Auta ta sa fitilar gwaji a na ƙarshe, inda wutar batir take, ta kama fes. Ta koma rami na huɗu da na biyar, na at. Fitilar ta yi ja-ja kamar garwashin da ke mutuwa.

"Ka duba nan?" ta tambaye shi.

"Ban duba ba."

Ta miƙa masa sifana ba tare da ta kalle shi ba. Ya kwanta a ƙasan motar, ya bi wayar da yatsa, ya ɗaga kafet, har ya kai ga notin da ya riƙe ta. Da ya kwance, sai ga sabon fenti a ƙarƙashi, mai kauri. Mai burodin ya sosa ƙeya, ya ce ai bayan rasuwar ya kai motar an fesa mata fenti ciki da waje. Mai fentin ne ya cire wayar, ya fesa, ya mayar a kan fentin.

Dogo ya kankare wurin har ƙarfe ya fito, ya ɗaure, ya jona. Na'urar ta kama, motar ta tashi. Ƙwaƙwalwarta lafiya lau.

Dogo ya miƙe. Ya fita ya bi layin shago-shago, duk wanda ya ji maganar farko ya gaya masa ta biyu, cewa aikin marigayi ba shi da aibu, shi ne ya yi magana bai duba ba. Wasu suka yi masa dariya, wani ya ce ya sayar da na'urar ya sayi fitila. Sannan ya dawo ya durƙusa a gabana, hannunsa duk fenti.

"Mama, na yi wa Baba laifi, kuma ba ya nan balle in roƙe shi. Ke nake roƙo."

Na kalli Auta. Tana goge sifanar da ba ta da datti.

"Oga," ya ce a hankali.

"Tashi, Dogo, kana ɓata wandonka," ta ce.

Na aika wa Baffa cewa na yarda.

An ɗaura auren wata huɗu bayan nan. Mutane sun ce an yi kyau, na yarda da su. Da za a tafi da ita, suka durƙusa su biyu aka ce in sa musu albarka. Na ce Allah ya ba su zaman lafiya, ya ba su zuri'a ta gari, ya sa su tsufa tare. A nan maganar ta tsaya min. Baffa ne ya ƙarasa, kowa ya ce amin.