Ranar Da Baba Ya Zo Kwashe Sawunsa

Ruwa ya kwana biyu yana zuba a kan duwatsunmu, ga shi washegari muna da baƙin da za mu sauko da su a kan keke daga mashigar Yana zuwa ƙauyenmu, Pukamayu. Ba a saukar da baƙo a hanyar da ba a duba ba bayan ruwa. Shi ya sa da yamma na ce wa mijina Nikanor ya kai ni sama a akori-kurarmu, in sauko ni kaɗai in ga inda ƙasa ta zame.

"Basilia, da kin bari sai da sassafe," ya ce, yana sauke mini keke.

"Da sassafe kai za ka kawo ni? Kai da sai an yaye maka bargo kamar jariri?"

"To, sarkin aiki. Zan jira ki a bakin gadar ƙauye. In duhu ya riga ki isowa, abincinki ya zama nawa."

Ya juya mota ya bi titi. Na tsaya ina jin kukan injin har ya ɓace.

A can sama sanyi cizo yake. Tafkin da ke ƙasan mashigar ya yi shuɗi har ya koma baƙi-baƙi, ƙanƙarar kan Dutsen Yana kuwa rana ta shafa mata ja kamar garwashi. Nan baƙi ke tsayawa su yi ta ɗaukar hoto har yatsunsu su sandare. Na ɗora ɗan dutse a kan tarin duwatsun matafiya, na cusa ganyen koka, wanda muke taunawa don maganin gajiya, a kumatu. Ina ɗaure hular kwano sai ga Iya Saturnina ta ɓullo tana kora alpakunta gida, dabbobin ulun nan namu masu dogon wuya.

"'Yar Hilario! Ke har yanzu ba ki daina wasa da wuyanki ba?"

"Iya, ai wuyan ke ciyar da mu. Ina gajiya?"

"Gajiya ta bi lafiya. Yaya jikin tsohon naki?"

"Da sauƙi. Da safe muka yi waya. Wai miyar asibiti ruwan wanke-wanke ce, in taho masa da gasasshen dankali a ɓoye."

Ta yi dariya har ragowar haƙoranta suka bayyana. Sai kuma ta tsuke baki. Karenta ya maƙale a jikin ƙafarta, wutsiya tsakanin cinya, ya zuba wa gangaren ido.

"Tun rana yake haka," ta ce ƙasa-ƙasa. "Ki sauka kai tsaye. Kar ki tsaya kallon komai."

Babana ne ya buɗe waɗannan hanyoyin. Da ƙuruciya alfadarai yake kora, yana kai gishiri da dankali ƙauyukan bayan dutse. Da manyan motoci suka kashe sana'ar, ya sayi wani baƙin keke mai nauyin tsiya, ya ci gaba da bin hanyoyin alfadaran yana tallan burodi. Ƙararrawar wuyan alfadarinsa na ƙarshe ya ɗaure a ƙarƙashin sirdin keken, don a ji zuwansa tun daga nesa. Da masu yawon buɗe ido suka fara zuwa da kekunansu masu tsada, shi ya nuna musu ta inda ake bi, ni kuma ina biye da shi tun ban kai masa ƙugu ba. Yanzu huhunsa ya gaji. Yana kwance a asibiti a birnin Kusko, yayata Dominga na jinyarsa. Keken kuwa yana rataye a ɗakin ajiyarmu, tayoyinsa sun sace tun bara.

Na hau na fara sauka.

Da farko lafiya lau. Taɓo kaɗan a kwanar farko, wani dutse ya mirgino tsakiyar hanya na ture shi. Na wuce kangon makiyaya, na wuce inda ake hango gonakin dankali a jere kamar matakala. Ina kaiwa rabin gangare sai gajimare ya taso daga kwari, ya rufe ni ruf. Ban iya ganin abin da ya wuce tayar gaba da ɗan kaɗan. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da na ciyawar dutse ya cika mini hanci. Babu tsuntsu. Babu iska. Sai ƙarar birkina da numfashina.

Sai na ji ta a bayana.

Kilin. Kilin.

Na ce a raina wata dabbar Iya ce ta ɓalle. Amma ƙararrawar alpaka siririya ce. Wannan mai kauri ce, tana da 'yar tsaga da ke sa muryarta ta dishe a ƙarshe. Da ita na yi wayo. Ko cikin barci na san ta.

Na taka birki, na sa ƙafa a ƙasa.

Ƙarar ba ta tsaya ba. Tana matsowa, a hankali, kamar mai tura keke ba mai tuƙawa ba. Ta yi shiru kaɗan, ta sake tasowa. Sai wani wari ya riga ta isowa. Warin maganin goge ƙasa na asibiti, a tsakiyar dutse.

Tayar gaba ce ta fara fitowa daga cikin gajimaren. Baƙa, a sace. Sannan hannu a kan keken.

Baba ne.

Yana sanye da jan mayafinsa na ulu, amma a ƙarƙashi rigar asibiti ce, ƙafafunsa babu takalmi. Ya yi taku kaɗan, ya sunkuya, ya ɗauki wani abu a ƙasa da yatsu biyu, ya jefa cikin jakar burodin da ke rataye a wuyansa. Na duba sosai. Babu komai a hannunsa. Ya ƙara taku, ya sake sunkuyawa.

A wajenmu ko yaro ya san wannan. Idan kwanan mutum ya ƙare, kafin rai ya fita sai kurwarsa ta zagaya duk inda ya taɓa takawa, ta kwashe sawunsa. Sai ta gama tsaf, sannan a rufe masa ido.

Ya wuce ta gefena har mayafinsa ya gogi gwiwar hannuna. Sanyin ya ratsa ni har ƙashi. Bai ko kalle ni ba.

"Baba," na ce. Na sake. "Baba, ni ce."

Ya sunkuya. Ya ɗauka. Ya jefa a jaka.

Da na bi maganar Iya, da na runtse ido na bar shi ya wuce. Amma wani tunani ya faɗo mini, irin wanda hankali ba ya kawowa. Idan bai gama ba fa? Idan na tare shi, ko na ƙwace jakar na zazzage? Mutumin da ya taka kowane lungu na dutsen nan, ai aikin da ke gabansa ba kaɗan ba ne.

Na bi shi ina tura kekena.

Tafiyarsa a hankali take, amma na kasa cim masa. In na yi sauri, tazarar tana nan yadda take. Na kira shi da kuka, na kira shi da faɗa. Na ce masa dankalinsa na nan, Asabar zan kawo. Kilin, kilin, kawai nake ji.

Muka iso mararraba. Hanyarmu ta yanzu dama take bi. Ta hagu tsohuwar hanya ce da ke rataye a jikin dutse har zuwa magangarar ruwa. Shekarar da na yi aure ƙasa ta zaftare ta tafi da tsakiyarta, Baba da kansa ya gicciya ƙaton gungume a bakinta ya kafa giciye.

Ya karya hagu.

Babu gungume. Babu giciye. Hanya ce a share, busasshiya, furanni rawaya a gefenta, kamar yadda take ina yarinya. Har ina jin rugugin ruwan can gaba. Na san ƙarya ce. Ƙafafuna suka bi ta.

A nan na fara ganin abin da yake ɗauka.

Sawu ne, a kwance a kan ƙura, sababbi fil. Manya, na takalmin taya. Da zarar ya taɓa ɗaya sai wurin ya shafe. A gefen manyan kuma akwai wasu ƙanana, na ƙafa tsirara, suna tsalle-tsalle nan da can.

Na tuna ranar. Igiyar takalmina ce ta tsinke, na ƙi yarda ya goye ni, na ce da ƙafata zan je in ga ruwan.

Ya ɗauki babba. Ya ɗauki babba. Hannunsa ya zarce kan ƙarami.

Ya ɗauka.

Ƙafata ta hagu ta mutu.

Ba zafi. Babu ita ne kawai, daga yatsu zuwa idon sawu. Na jingina da keke don kar in faɗi.

Ya miƙa hannu ga na gaba.

"Baba!" Wannan karon dutsen ma ya amsa. "Nawa ne! Baba, wannan nawa ne!"

Hannun ya tsaya.

Ya buɗe tafinsa. Ya daɗe yana kallo. Ya auna abin da yatsa, kamar mai duba kuɗin jabu. Sannan ya juyo.

Fuskarsa ce, amma babu kowa a cikin idanun. Sai a hankali wani abu ya taso daga can ƙasa, kamar fitila a ƙarshen rami.

"'Yar akuyata," ya ce. Shi kaɗai ke kirana haka. Muryar kamar daga cikin tulu. "Me ya kawo ki nan?"

"Na zo in mai da kai gida."

"Ai gidan za ni." Ya dubi tafinsa. "Ido ya tafi. Na ɗauka duk nawa ne."

Ya durƙusa da ƙyar, ya mayar da sawun inda yake, ya danna shi da babban yatsa, ya gyara gefensa.

"Bar jakar, Baba. Don Allah. Ka bar ko guda ɗaya."

"Ba a bari."

Ya miƙe. Ya dubi ƙafafuna, fuskarsa ta sauya.

"Kar ki ƙara taku. Saki keken."

"Baba..."

"Saki!"

Iska ta kaɗa. Gajimaren ya tsage.

Babu hanya.

Ina tsaye a bakin zaftarar, yatsun ƙafata a waje. Tayar gaba tana lilo a kan rami. Can ƙasa, nesa, kogi kamar zare.

Ƙasar ta motsa.

Na saki. Keken ya tafi, fedar ta fizgi wandona, na faɗi rubda ciki, rabina a waje. Na damƙi ciyawa. Ta fara tugewa. Na damƙi wata. Na kafa haɓa a taɓo, na ja jiki, na sake ja, ƙasa na zubewa a ƙarƙashin gwiwata.

Sai da na kwanta a kan dutse mai tauri na ji ƙarar faɗuwar keken.

Na ɗaga kai. Yana can gaba, inda babu ƙasa, yana tura baƙin kekensa. Ya yi taku, ya sunkuya, ya jefa a jaka. Bai waiwayo ba. Gajimare ya rufe bayansa, ƙararrawar ta yi ta raguwa har rugugin ruwa ya haɗiye ta.

Da rarrafe na koma. Gungumen yana nan inda yake, da giciyensa, gansakuka ta rufe shi. Ban san yadda aka yi na tsallake shi da keke ba.

Duhu ya fara shiga lokacin da na hango fitilun akori-kura a bakin gada. Nikanor ya taho a guje. Ya ga taɓo, ya ga jini a haɓata, ya buɗe baki zai yi tambaya.

"Ba ni waya," na ce.

Dominga ta ɗauka da muryar raɗa. "Barci yake tun rana, Basilia. Likita ya ce a bar shi ya huta. Sai dai ƙafafunsa, ƙanwata. Sai motsi suke a cikin bargo, kamar mai tafiya."

"Yaya, kara masa wayar a kunne."

"Ba zai ji ki ba."

"Kara masa."

Na ji numfashinsa, gajere, mai ƙugi. Na zauna a kan gada.

"Baba, na sauka lafiya," na ce. "Ka tafi a hankali."

Kafin gari ya waye ya cika. Matan da suka taya Dominga gyara shi sun ce sai da suka sake ruwa, saboda jan taɓon da ke tsakanin yatsun ƙafarsa, mutumin da ya yi wata bai taka ƙasa ba.

Ƙafata ta hagu ta dawo, amma har yau ba ta ɗumi. Ko na kanga ta a murhu, kamar na tsoma ta a tafki.

Bayan an share makoki na koma aiki. Ran da na fara fita, rana tas, babu ko ɗigon gajimare, ina gaba baƙi na biye da ni suna ihun murna. Muka iso wata mararraba a bayan kangon makiyaya, wadda na bi sau ba adadi, wadda da ido rufe nake karya kwanarta. Na taka birki. Na dubi dama, na dubi hagu. Ƙasa ce kawai da ciyawa, kamar ɗan Adam bai taɓa bi ta wurin ba. Baba ya kwashe sawunsa, hanyar ta bi shi.

Wata baƙuwa ta tsaya kusa da ni tana haki, tana murmushi.

"Ta ina za mu bi?" ta ce.

Na ce su jira ni, na jingine keke, na tafi neman wanda zan tambaya.