Wasiƙun da Babu Sunan Nora

Wasiƙa ta bakwai ta iso gidan Malam Tsoho da ke unguwar Tandabawi a Makka ranar wata Laraba bayan La'asar. Sabi'u ne ya kawo ta kamar kullum, direban da ke kai wa sojoji ruwa a iyakar kudu, wanda duk bayan sati uku yake leƙowa Makka ya ga iyalinsa. Ya durƙusa ya miƙa wa tsohon takardar hannu da hannu, ya sha shayi kofi ɗaya ya tafi.

"Nora, zo ki karanta mana," in ji Malam Tsoho.

Nora matar ɗansa na fari ce, Abdulilah. Wata uku kacal da tarewarta aka tura rundunarsu kan duwatsun kudu inda ake yaƙi, aka karɓe musu wayoyi, sai takarda da biro. Idon Malam ya yi rauni, matarsa Inna Hadijatu kuwa ba ta yi karatun takarda ba, don haka karatu da rubuta amsa duk suka faɗo kan amarya.

Tana buɗe ambulan Inna ta miƙe ta shige kicin. Haka take yi duk ranar wasiƙa, sai ka rantse takardar kuɗin wuta aka kawo.

Nora ta karanta da Larabci tana juyawa da Hausa. Abdulilah ya gai da Baba gaisuwar ɗa ga mahaifi. Ya ce suna lafiya, sanyin dutsen ya fi na Ɗa'if, birai sun sace musu burodin kwana biyu. Ya ce wanda suke tanti ɗaya an kai shi asibiti, amma da sauƙi. A duba tankin ruwa na saman gida kafin zafi ya shigo. A gai da Inna, a gai da liman, a gai da mai shagon bakin layi, a gai da duk mutanen gida.

Ta juya bayan takardar, fari fat. Tankin ruwa ya samu layi biyu, birai sun samu uku, ita ko harafin farko na sunanta babu. Wasiƙa bakwai ke nan, kuma abin ya yi mata ciwo har ƙashi.

Da ta koma ɗaki ta kira mahaifiyarta, Samah, a waya. Samah a Makka aka haife ta, a Makka aka haifi ubanta, Hausar gidansu da ke unguwar Ka'akiyya ta rage ta faɗa da ta girki. A gidan su Nora in ana son mutum ana gaya masa da baki, safe da yamma, har ya gaji.

"Yau ma?" in ji Samah.

"Yau ma, Mama. Mutanen gida."

"Mutanen gida! Ke kujera ce ko firij? Ya binti, 'yata, mutumin da mutuwa ke shawagi a kansa bai tuna da matarsa ba, yaushe zai tuna? Halas, ya isa. Gobe da safe ina zuwa, ki haɗa kayanki. In ya dawo ya same ki a gidan ubanki, a zauna a yi magana. In ba ya so, ya sauwaƙe miki."

Nora ta ajiye waya ta janyo akwati daga ƙarƙashin gado. Sau nawa tana so ta saƙala layi ɗaya nata a ƙasan amsar? Sai dai Malam a gabansa ake rubutawa, a maimaita masa, ya liƙe da hannunsa. Ga kuma zuciya irin ta amarya: wanda bai tambaye ta ba, ba ita za ta fara ba.

Kafin Magariba ta shiga kicin ɗaukar tukunyarta. Inna na zaune kan kujera 'yar tsugunno tana dakan yajin dambun nama. Duk zuwan Sabi'u sai ta cika gwangwani da dambu ta ce, "A kai wa sojoji," ba ta taɓa cewa wane soja ba.

"Tukunyar fa?" in ji Inna.

"Mama za ta zo gobe. Gida zan je."

"An yi miki wani abu?"

Nan fa abin da Nora ta daɗe tana haɗiyewa ya fito, hawaye na biye da shi.

"Inna, ki yi haƙuri, amma gidan nan ba ku san so ba. Wasiƙa bakwai, ko sau ɗaya bai ce Nora ba. Ban ga laifinsa ba ma, a ina zai koya? Ke da kika haife shi, tun da na zo ban taɓa jin sunansa a bakinki ba. Wancan yaron, wancan yaron. Yana can harsashi na wucewa ta kansa, in an kawo takardarsa ki tashi ki bar wurin!"

Inna ta dube ta, ta mayar da ido kan turmi. Ba ta yi fushi ba, ba ta kuma kare kanta ba.

"Ajiye tukunyar tukun," ta ce. "Ba a ɗaure kaya da yamma."

Abin da Nora ba ta sani ba, don ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya gaya mata, shi ne Inna Hadijatu ta taso a hannun kakar da ta zo daga Sakkwato da ƙafa, ta kawo al'adarta cikin ƙunshi ba ta zubar da ko ƙwaya a hanya ba. A wajensu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta tambayar lafiyarsa da baki. Ɗa kuma ba ya ambaton matarsa a gaban ubansa. Su a nasu lissafin, inda kunya ta fi yawa nan so ya fi nauyi. Laifinsu ɗaya, sun ɗauka duk wanda kakansa Bahaushe ne da saninta aka haife shi.

Washegari da hantsi Samah ta iso, ko abayarta ba ta cire ba. Sabi'u ma ya zo karɓar amsa, yana jira a waje. Malam Tsoho, wanda bai san wainar da ake toyawa a gidansa ba, ya sa Nora ta zauna ta rubuta: an gyara tanki, liman na amsawa, a riƙe salla a kan lokaci.

Yana cewa a rufe sai ga Inna ta fito daga kicin tana goge hannu. Ta zauna a kan darduma, wurin da ba a taɓa ganinta ba ranar wasiƙa.

"Ƙara nawa," ta ce.

Nora ta ɗaga biro. Inna ta buɗe baki ta rufe, ta sake buɗewa, kamar mai shirin haɗiye magani mai ɗaci.

"Rubuta: Abdulilahi."

Carbin Malam Tsoho ya tsaya cak. Shekara ashirin da takwas ke nan, tun ranar suna, bai ji wannan kalma daga bakin matarsa ba.

"Abdulilahi, ni ce uwarka. Yau na ajiye tawa kunyar, kai ma ka ajiye taka. Yarinyar nan ba a gidanmu ta tashi ba, ba ta jin yaren shirunmu. Ka rubuta mata da sunanta, ka faɗa mata abin da ke ranka. In ka bari ta tafi, ban yafe ba." Ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta. "Shi ke nan. Rufe."

Nora ta gama layin. Samah, da ta shigo da maganganu cike da baki, ta dubi Inna. Can ta ce a hankali, "Sitti, kakata, har ta rasu ba ta taɓa kiran babana da sunansa ba. Ni na ɗauka ba ta ƙaunarsa ne." Ta gyara abaya ta dubi 'yarta. "Ɗayyib, to. Sati uku. In Sabi'u ya dawo hannu banza, ni da kaina zan ɗauki akwatin."

Sati uku suka cika, Sabi'u bai zo ba. Na huɗu ya shige. Labarai suka ce an yi ruwan wuta a wasu duwatsun kudu, ba a faɗi waɗanne ba. Samah ta kira sau biyu, Nora ta ce, "Zan jira, Mama." Inna ba ta tambayi kowa komai ba, sai dai Nora ta lura tuwonta yana komawa kicin yadda aka kawo shi. Ta fara zuba nata a kwano ɗaya da na Inna ta zauna kusa da ita, dole tsohuwa ta sa hannu.

A sati na biyar aka ƙwanƙwasa ƙofa bayan Azahar. Sabi'u ne, ya rame, ya ce hanya ce aka rufe. Ya miƙa wa Malam ambulan ɗinsa, sannan ya tsaya yana sosa ƙeya da gwangwanin dambun Inna a hannu. An manna takarda a murfin, an rubuta da manyan baƙaƙe: Nora.

A ɗaki ta buɗe. Wasiƙu takwas ne a ninke, duk suna ƙanshin yaji. Ta farko tun satin da ya tafi aka rubuta ta.

"Nora, hasken idona. Na rubuta miki wannan, amma Sabi'u komai a hannun Baba yake sa shi. Ta yaya Baba zai riƙe takardar da na ce a ciki ina kewar ƙamshin gashinki? Zan ajiye, in na dawo in ba ki da hannuna. Na san kin gane."

Ba ta gane ba, kuma saura ƙiris rashin ganewar ya ci aurensu. Ta karanta sauran tana kuka tana dariya, har ta zo ta takwas, wadda ba ta fi layi huɗu ba.

"Na ga sunana da rubutunki, daga bakin Inna. Na fita bayan tanti na yi kuka kamar yaro. Ki yafe mini. Ki gaya mata na ji, na bi."

Bayan wata biyu aka ba shi hutu. Ya shigo gida da jaka a kafaɗa, yana ɗan ɗingishi, ya durƙusa gaban Baba. Inna ta dube shi sau ɗaya ta ce, "Wancan yaron ya rame," ta miƙe ta shige kicin, aka fara jin daka.

Kowane gida da irin yadda yake nuna so, kuma wanda ya yanke hukunci kafin ya koyi na gidan da ya shiga, zai iya zubar da zuma yana cewa kwalbar wofi ce. Kunya ado ce, amma in ta kai ga raba miji da mata, babba shi ne wanda ya fara ajiye tasa. Nora ta yi haƙurin sati biyar ta ci ribar shekaru.

Malam Tsoho ya ce, "To, ba mu labarin ƙafar nan." Abdulilah ya gyara zama ya fara. Wannan karon Nora ba shi take saurare ba, kunnenta na kicin. Yana buɗe baki taɓarya ta tsaya, kuma ƙofar kicin a buɗe take, kamar yadda take a duk ranar wasiƙa: ashe daga can Inna take saurare.