Buhu na Goma

Shekara uku bayan samun 'yancin kai, gyaɗa ta yi kyau a Tasawa. Manyan motoci suna ta shiga suna fita. Amma wata safiya Mushe Dikko, malamin babban aji, ya shigo lakwal, wato makarantar boko, ba fara'a.

"Yara, ku saurara," in ji shi. "Gobara ta tashi a wani ƙauye kusa da Mayahi. Ta cinye rumbunan gida goma."

Sannan ya ƙara da cewa:

"Na tahi wurin masu sayen gyaɗa neman taimako. Sun yi mini dariya. Sun ce 'yan lakwal ragwaye ne, ba su iya komi sai riƙon alli. Sai muka yi sharaɗi. Yara goma za su hau keke daga nan har Mayahi. Duk yaron da ya kai da ƙarhinshi, za su ba gida ɗaya buhun gero. Wanda bai kai ba, babu buhu."

Ya ɗauki alli ya zana buhu goma a allo.

Akwai wani yaro a bencin gaba, ɗan ƙarami, mai saurin ɗaga hannu. Tun kafin Mushe ya rufe baki hannunsa yana sama. Mushe ya dube shi, ya ga ƙanƙantarsa. Sai da ya zaɓi tara, sannan ya ce, "To, kai ne na goma."

"Saura sati huɗu," Mushe ya ci gaba. "Kullum bayan la'asar, kowa ya bi hanyar daji da ta hi kusa da gidansu. Ku shiga rairayi. Hanyar Mayahi rairayi ce tun daga hwarko har ƙarshe."

Yaron ya ruga gida. Babansa, Na Allah, yana da wani tsohon baƙin keke mai nauyi. Ya saurari ɗansa, ya sauke masa sirdi ƙasa, ya ce, "Ga shi. Amma keke ba ya tuƙa kanshi."

Gidansu yana bakin hanyar Kona, don haka ita ya bi shi kaɗai.

Kai, rairayi ba ya da tausayi! Taya ta nutse. Ya danna feda, keken ya ƙi gaba. Ya sauka ya tura, ya hau, ya faɗi. Ƙarangiya ta cika masa wando. Ya dawo gida a gajiye. Barci ya ɗauke shi hannunsa yana cikin kwanon tuwo.

Rana ta biyu ta fi ta farko wuya. Rana ta uku kuwa, ko tsugunawa ya kasa yi.

Rana ta huɗu ya fito yana jan keken, duk jikinsa ciwo. Sai ya bi ta filin da ake awon gyaɗa. An tashi aiki, babu kowa. Motoci sun daddanne ƙasar wurin, ta yi tauri kamar daɓen ɗaki. Ya hau keken don ya gwada.

Keken ya tafi sumul. Iska tana kaɗa masa riga. Ya zagaya sau ɗaya, ya zagaya sau goma, yana kaɗa ƙararrawa.

"Ai duk tuƙi ne," ya ce a ransa. "Wa zai sani?"

Tun daga ranar, filin gyaɗa ya zama hanyarsa. Idan zai koma gida, sai ya ɗebi ƙasa ya shafa a ƙafa. Wayo ke nan, a ganinsa.

Wata rana innarsa, A'i, tana wanki. Ta ɗaga wandonsa ta juya shi.

"Kai, zo nan. Kwana nawa ban cire ƙarangiya a wandonka ba. Ko ta ƙare a hanyar Kona?"

"Na iya kauce mata yanzu, Inna."

A'i ta dube shi. Ya dubi ƙasa. Ta ci gaba da wankinta, amma tuwon ranar bai yi masa daɗi ba.

Bayan sati biyu, ranar Alhamis da ba a karatu, Mushe Dikko ya tara su duka goma don gwaji. Za su bi hanyar Kona tare, su huta, su dawo.

A cikin gari yaron ne a gaba. Har yana waiwayowa yana yi wa abokinsa Sidi gwalo.

Sai aka shiga rairayi.

Sauran yaran suka zauna daram a kan sirdi, suna tuƙi a hankali. Sun san inda ƙasa take da ƙarfi, can gefe inda ciyawa ta kama. Shi kuwa ya faɗa tsakiyar hanya da gudu. Tayar gaba ta murɗe, ya sha ƙasa. Ya tashi, ya sake faɗuwa. Ɗaya bayan ɗaya suka wuce shi.

Rana ta ɗaga. Maƙogwaronsa ya bushe. Can sai jijiyar ƙafarsa ta ɗaure, ya zube gindin wani gawo yana haki. Ko rabin hanya bai kai ba.

Wani mai amalanken shanu ne ya kwaso shi, shi da keken. Haka ya shigo gari a kan buhunan gyaɗa, yara suna nuna shi. Kunya ta kama shi, har ya fi jin ta a kan ciwon ƙafar.

Washegari da aka tashi, Mushe Dikko ya ce wa yaron ya tsaya.

"Mi ya hwaru jiya?"

"Na gaji ne, Mushe."

"Kowa ya gaji. Sidi ma ya gaji. Ina kake tuƙinka kullum?"

Yaron ya sunkuyar da kai. Hawaye suka zo.

"A hilin awon gyaɗa, Mushe. Kwana uku kawai na yi a rairayi. Da wuya ne. Na yi wa Inna ƙarya."

Mushe bai yi faɗa ba. Ya je gaban allo, ya nuna buhu na ƙarshe.

"Ka san na wa ne wanga? Na wata tsohuwa ce, Kaka A'isha. Jikoki huɗu take riƙo. Ba ta san hilin gyaɗa ba, ba ta san ka gaji ba. An dai ce mata wani yaro yana zuwa daga Tasawa."

Ya ɗauki tsumman goge allo.

"Babu wani mai keke a ajin nan. In ba ka iyawa, ka gaya mini yanzu in goge shi."

"Kada ka goge, Mushe! Don Allah."

"Saura sati biyu. Alhamis ta sama za mu sake gwaji. In ka hwaɗi, ni da kai za mu goge shi tare."

A gida, yaron ya durƙusa gaban iyayensa ya faɗi gaskiya.

"Na sani tun ranar wanki," in ji A'i. "Ina jira ne ka hwaɗa da bakinka."

Na Allah ya jawo keken, ya matsa taya da yatsa.

"Ka cika mata iska ta yi ƙam, don daɗin hili. Rairayi ba ya son haka." Ya rage iskar kaɗan. "Kuma ka daina hwaɗa da hanya. Ka zauna baya, ka tuƙa sannu, kada ka tsaya."

Ya koma hanyar Kona. Kada ka ce ta yi sauƙi, ba ta yi ba. Kullum yana dawowa yana jan ƙafa. A'i tana gasa masa cinya da ruwan zafi, yana cije leɓe. A aji yana gyangyaɗi. Sau biyu ya tsaya a bakin filin gyaɗa yana kallon ƙasar nan mai santsi. Sai ya tuna tsumman da ke hannun Mushe, ya juya kan keken.

A gwaji na biyu, shi ne na ƙarshe. Amma ya je, ya dawo, a kan kekensa.

Ranar tafiya suka tashi bayan sallar asuba, kowa da gorar ruwa da ƙuli-ƙuli a aljihu. Motar masu gyaɗa tana bin su a baya da buhunan gero. Hanya ta yi tsawo, ta yi tsawo. Bayan azahar yaron ya daina jin ƙafafunsa. Direban motar ya leƙo ta taga.

"Ƙaramin nan, hau mota ka huta mana!"

"A'a, Baba. In na hau, babu buhu."

Rana ta kusa faɗuwa lokacin da ya shiga Mayahi. Sauran tara sun daɗe da isa, suna jiransa a bakin kasuwa. Sidi ne ya fara ihu. Yaron ya sauka, ya zauna a ƙasa.

Wata tsohuwa ta matso da ƙwaryar ruwa, yara huɗu suna riƙe da zanenta.

"Kai ne yaron nawa?" ta tambaya.

"Ni ne, Kaka."

"Tun hantsi nake duban hanya. Sha, ɗana. Allah shi yi maka albarka."

Aka sauke buhu na goma a gabanta. Ƙaramin jikan ya rungume buhun da hannu biyu. Yaron ya gaji, gajiyar da bai taɓa yin irinta ba, amma dariya yake yi.

Mushe Dikko, wanda ya biyo su a motar, ya dafa kan yaron. "Mi ka koya?"

"Na koyi cewa in za ka yi shiri, ka yi shi a kan hanyar gaskiya, ko da wuya. In ka yi ha'inci, ba kai kaɗai za ka cuta ba. Akwai wanda yake jiranka."

"Haka ne," in ji Mushe. "Yanzu tashi ka ci abinci. Komawa gida kam, a mota ce."